Taje Zomo Lokacin Zubar Gashi Ba Tare da An Cuci Fatarsa Ba

Zomo ba ya amai. Duk wanda zai ɗauki mataji ya doshi zomon da ke zubar da gashi, wannan ne abu na farko da ya kamata ya sani, domin shi ne tushen aikin gaba ɗaya. Kyanwa takan lashe jikinta ta haɗiye gashi, idan ya taru a ciki ta amayar da shi ta kama gabanta. Zomo ma yana lasar jikinsa sau da yawa a yini, sai dai bakin tumbinsa a ɗaure yake da tsoka mai ƙarfi, abin da ya wuce maƙogwaro ya wuce ke nan. Hanya ɗaya ce ta rage wa gashin, ya ratsa hanji ya fita cikin kashi. A ranakun da gashi ke zuba kaɗan-kaɗan hanji yakan ɗauki wannan kaya ba tare da gajiya ba, amma idan zuba ta kankama, abin da zomo ke haɗiya yakan fi abin da hanjin ya saba da shi nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki taje zomo a matsayin kwalliyar da ake yi idan an samu sukuni. Duk silin da mataji ya kwashe, gashi ne da bai shiga ciki ba. Sai dai fatar da gashin ke kai siririya ce, abin da bai taka kara ya karya ba yana yaga ta, kuma wanda ya zo gyara da gaggawa, da ruwa da almakashi, yana iya yin ɓarnar da ta fi wadda ya zo hanawa. Aikin nan a bushe ake yin sa, da hannu mai sauƙi, kaɗan-kaɗan kowace rana.

Zomon gida yakan sauya gashi kusan kowane wata 3. Wani zubin mai sauƙi ne har ba a lura da shi, wani kuma sai ka ga gashi yana tashi a keji kamar audugar rimi. Yawanci zubar takan fara daga kai, ta bi gadon baya, ta gangara haƙarƙari, ta ƙare a ciki da gindin wutsiya, kuma sau da yawa akan ga layi ƙarara tsakanin tsohon gashi da sabo, kamar shatin da ruwa ke bari a gaɓar rafi bayan ya janye. Wani zomon cikin 'yan kwanaki ya gama, wani sai ya kai mako 6 yana fama. Tsawon yini da sauyin yanayi su ne ke tada ita, shi ya sa a Turai, inda yini ke miƙewa sosai a wani lokaci ya gajarce a wani, babbar zuba take da lokacinta sananne. A Kano ko Maraɗi kuwa, tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta kai awa 2 ba, don haka mai zomo a nan kada ya dogara da kalanda. Tafin hannunsa ne ma'auni. Ya shafa bayan zomon daga wuya zuwa wutsiya, idan gashi ya biyo tafin, lokaci ya yi.

Mai gardama zai ce, to zomon daji wa yake taje shi, ga shi kuwa yana nan lafiya lau? Tambaya ce mai kyau, amma an haɗa dabbobi biyu da ba ɗaya ba. Wanda mafarauta ke kamawa a dajinmu jinsinsa daban, shi kuwa na keji asalinsa daga zomon ƙasar Sifen da Fotugal ne, mai haƙa rami ya zauna cikin jama'a. Ko shi wannan kakan nasu, rayuwarsa ba irin ta keji ba ce. Yana kutsawa cikin ciyawa da ƙaya suna tsefe shi, iska tana kwashe abin da ya zuba, 'yan'uwansa suna lasar masa inda bakinsa ba ya kaiwa, sannan kullum yana cin ciyawa mai kaushi wadda ke tura komai gaba a hanji. Na gida yana zaune ne a tsakiyar gashin da ya zubar, yana shan sa a kwanon ruwa, yana cin sa a cikin dusa, ga ƙarancin motsi. Ban da haka, kiwo ya sauya gashin kansa. Zomon Angora gashinsa ba ya daina tsawo, dole a aske shi kamar kowane wata 3, kuma ba yadda zai yi ya kula da shi da harshensa kaɗai. Farin Niyuzilan da Cincila, waɗanda suka fi yawa a hannun masu kiwonmu, gashinsu gajere ne amma cunkus yake. Na daji kuma idan ciki ya ɗaure masa ba wanda ke gani, shaho ko dila ne ke rufe zancen. Wanda ya sa dabba a keji ya raba ta da ƙaya da iska da 'yan'uwa, don haka aikin da suke yi mata ya dawo wuyansa.

Kafin mataji akwai riƙo, kuma a nan ne aka fi cutar zomo a gidajenmu. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma duk wanda ya ga yadda yara ke sungumar zomo ta kunne, ƙafafunsa suna reto, ya ga maratayin da idonsa. Kunnen zomo cike yake da jijiyoyin jini, ta nan yake fitar da zafin jikinsa tunda ba ya gumi irin namu, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Ƙashinsa kuma bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, alhali na kyanwa ya kai kashi 12 zuwa 13, ga ƙafafun baya masu ƙarfin gaske. Zomon da ya yi harbi da ƙafa alhali bayansa ba shi da matokara yana iya karya ƙashin bayansa da kansa, kuma sau da yawa shanyewar da ke biyo baya ba ta warkewa. Yadda ya dace shi ne mutum ya zauna a ƙasa kan tabarma, ya shimfiɗa tawul a cinya ko a gabansa don kada ƙafafun zomon su zame, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗayan ya tallafi ƙugu, ya jingina shi da jikinsa. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, da sanyin safiya ko bayan la'asar za a yi, domin zomo yana fara wahala tun zafi bai wuce digiri 30 ba, kuma tsoro yana ƙara masa zafi kan zafi. Minti 5 zuwa 10 sun isa zama ɗaya. Idan numfashi ya yi sauri, ko ido ya firfito, ko ya fara fizge-fizge, a sake shi, a dawo gobe. Akwai masu cewa ai idan aka kwantar da shi rigingine sai ya yi laƙwas kamar mai barci, a yi masa duk abin da ake so. Gaskiya ne yana yin laƙwas, amma sandarewar tsoro ce, irin wadda dabbar da aka kama ke yi ko mafarauci zai ɗauka ta mutu. Zomon da ake yi wa haka zai ƙara tsanar hannu, kuma idan ya farka da zabura a nan ne baya ke karyewa.

Kayan aiki na farko tafin hannu ne. A ɗan jiƙa shi, a yarfe ruwan har ya zama danshi kawai, a shafa daga wuya zuwa wutsiya yadda gashin ya kwanta. Bayan shafa 3 ko 4 tafin zai rufe da gashi, a murza hannuwan biyu sai ya naɗe ya zama kamar abawa, a ajiye, a sake. Daga nan a duba tuttun gashin da suka taso sama da sauran, musamman a ƙugu da cinyoyi. A kama bakin tuttun da yatsu biyu a ja a hankali. Idan ya nuna, zai fito ba tare da wata turjiya ba, kamar ana cire auduga daga ƙwanso, zomon ko motsi ba zai yi ba. Idan kuwa fata ta biyo shi ta ɗago, bai nuna ba, a bar shi zuwa jibi. Sai mataji mai dakusassun haƙora, ko buroshi mai laushi, ko safar hannu ta roba. Hanyar gwada kowane ɗaya ita ce mutum ya goga shi a cikin damtsensa, inda fata ta fi laushi, idan ya bar jan layi to ya yi wa zomo kaifi. Buroshin waya da irin matajin nan mai reza da ake yi wa karnuka ba su dace ba. A riƙa danne fatar da yatsun hannu ɗaya a bayan inda matajin ya fara, don kada ta biyo shi, a ja gajere-gajere, matajin a kwance ba a tsaye ba. Ciki da hammata da tsakanin cinyoyi fatarsu ta fi ko'ina rauni, hannu kaɗai ya ishe su. Lokacin zuba kullum ake yi, in ta wuce sau 1 ko 2 a mako ya wadatar, sai Angora wanda shi kusan kullum ne duk shekara. In an gama a kwashe gashin a fitar da shi, a share keji, a sauya ruwan sha, domin ba amfani a cire gashi daga baya a bar shi a kwano.

Da hunturu hannu yakan so ya kai ga man kaɗanya ko basilin, ganin yadda iska ke busar da fatarmu. Kada a shafa. Gashin zai cakuɗe, ƙura ta manne, zomon kuma ya lashe man ya haɗiye.

Inda gashi ya riga ya dunƙule, a nan almakashi ke ruɗin mutum. Dunƙulen yakan ja fata ta shige cikinsa, ta yadda abin da ido ke gani a matsayin gindin gashi fata ce a tattare, kuma yanka ƙarami a fatar zomo yakan buɗe ya yi faɗi. A barbaɗa ɗan garin sitacin masara a kan dunƙulen, a murza shi ya shiga, a riƙe gindin da yatsu, a riƙa warware shi daga baki zuwa ciki, ko da zai ɗauki kwana 2 ko 3. Idan ya ƙi, a zura mataji a kwance tsakanin fata da dunƙulen, a yanke abin da ke saman matajin kawai, ko a kai wa likitan dabbobi ya aske da kilifa. Gashin baki ba a taɓa shi. Haka gashin tafin ƙafa, domin zomo ba shi da tsokar tafi irin ta kare da kyanwa, wannan gashin shi ne takalminsa. Idan aka aske shi, ko aka bar zomo yana tsayuwa kan ragar waya ba katako ba ciyawar da zai huta a kai, dunduniya takan saɓule ta zama gyambo mai wuyar warkewa.

Gardamar da ta fi ƙarfi ita ce ta wanka, kuma daga kyakkyawar niyya take fitowa. Mu mutane ne masu son tsafta, muna wanke ragon layya, muna wanke doki, ga kuma zafin da ke kaiwa digiri 40, sai a ga ai bokitin ruwa zai wanke mataccen gashin gaba ɗaya ya kuma sanyaya dabbar. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Gashin ƙasa na zomo yana riƙe ruwa kamar soso, sama ta bushe amma kusa da fata a jiƙe na tsawon sa'o'i, mataccen gashin da aka so cirewa ya haɗe da mai rai ya zama dunƙule. Fatar da ta daɗe a jiƙe takan yi laushi ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Zomon da aka tsoma a ruwa yakan firgita ƙwarai, ya yi ta harbi a cikin baho mai santsi, wato daidai yanayin da ke karya baya, kuma akwai waɗanda firgicin da sanyin da ke biyo baya suke kashewa. Ruwa kuma yana shiga kunne. Idan zafi ne abin damuwa, a mayar da keji inuwa inda iska ke ratsawa, a nisanta shi da rufin kwano, a ajiye masa ruwan sha mai sanyi, a sa robar ruwa mai ƙanƙara naɗe da tsumma ya jingina, a shafa masa danshi a bayan kunnuwa. Zomo mai lafiya yana wanke kansa fiye da yadda sabulu zai yi masa.

Wuri ɗaya ne ruwa ke da hurumi, shi ma da sharaɗi, wato idan kashi ko fitsari ya ɓata gindi. A fara da sitacin masara da mataji. Idan abin ya bushe ya ƙanƙame, a zuba ruwa mai ɗumi kaɗan a ƙaramin baho, zurfin yatsa, a tsoma gindin kaɗai alhali ƙirji yana hannu, a jiƙa har ya saki, sannan a tsane da tawul har fatar ta bushe sarai. Ba a jinkirta wannan, musamman da damina. Koren ƙuda yana bin wari ya yi ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin ƙasa da kwana ɗaya, tsutsotsin su shiga cin nama, kuma zomo yana iya mutuwa cikin kwana 1 ko 2. Saboda haka a ɗaga wutsiya a duba safe da yamma. Amma wankewa ba ta amsa tambayar da ta fi muhimmanci, wato me ya sa ya ɓaci. Zomo yana fitar da wani kashi mai laushi wanda yake cinyewa kai tsaye daga duburarsa don ya samu sinadaran da ke ciki. Idan aka ga wannan kashin yana manne a gashi, ko dai dusa da hatsi sun yi yawa, ko ƙiba ta hana shi lanƙwasawa, ko ciwon baya ko na haƙori. Haƙoran zomo ba sa daina tsawo, kuma wanda nasa suka karkace za a ga haɓarsa a jiƙe da miyau, gashinsa a hargitse don ya kasa gyara shi.

Amfani na biyu na taje kullum shi ne yatsu suna ganin fata kafin ido ya gan ta. A hura gashin da baki ya buɗe a duba. Fatar zomon da ke sauya gashi sumul take, ba ja ba ɓawo, ko da wani wuri ya ɗan yi sanƙo cikin 'yan kwanaki sabon gashi zai tsiro. Macen da ta kusa haihuwa, bayan ciki na kimanin kwana 31, takan tuge gashin ƙirjinta da cikinta ta shimfiɗa wa 'ya'ya, wannan ma ba ciwo ba ne. Abin da ba na zuba ba ne shi ne farin amosani mai yawa a kafaɗu da gadon baya, wanda wasu ƙananan ƙwari ke jawowa, ko ɓawo mai kauri a hanci da gefen ido da bakin kunne da yatsu tare da susa, wato ƙazuwa, ko ɓawo mai ruwan ƙasa da ya cika cikin kunne zomon yana kaɗa kai, ko sanƙo zagayayye mai ɓarɓashi, wato makero. Makero yana kama mutum, musamman yara, don haka a wanke hannu da sabulu, kuma kada matajin marar lafiya ya taɓa mai lafiya. Ɓawon kunne ba a ɓamɓare shi, ƙarƙashinsa ɗanyen nama ne, idan magani ya kashe ƙwarin da kansa zai zube.

A nan wani zai ce baƙin mai ko kananzir suna kashe ƙazuwa, an daɗe ana shafa wa dabbobi. Mai yiwuwa su kashe ƙwarin, amma suna ƙona fatar, kuma zomo zai lashe abin da aka shafa masa, an kuwa riga an faɗi cewa abin da ya shiga cikinsa ba ya dawowa. Maganin da likitocin dabbobi ke amfani da shi, irin su aibamektin, ba shi da tsada, sai dai ana auna shi da nauyin zomon a kuma maimaita bayan wasu kwanaki, don haka aikin likita ne. Aron maganin wata dabba ma haɗari ne. Frontline da ake ɗiga wa karnuka don ƙuma da kaska guba ne ga zomo, yana jawo farfaɗiya da mutuwa. Ampiclox da danginsa na fenisilin, idan aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin hanjin da yake narka abinci da su, zawo mai kisa ya biyo baya. Man shafawar kemis da ake saya don ƙaiƙayi sau da yawa yana ɗauke da sitiroyid, wanda ke raunana garkuwar jikin zomo ya kuma ƙara wa makero ƙarfi.

Duk iya ƙoƙarin mataji, wani gashin sai ya shiga ciki, kuma likitocin dabbobi a yau sun fi karkata ga cewa gashi yana taruwa ne idan hanji ya riga ya yi sanyi, ba lalle shi ne ke fara tsayar da shi ba. Ke nan rabin aikin taje a kwanon abinci yake. Busasshiyar ciyawa mai tsafta, irin su gamba da harkiya, ita ce ya kamata ta zama mafi yawan abincinsa, tana gabansa dare da rana. Harawa tana da kyau ga ƙanana da masu shayarwa, amma ga babban zomo mai zaman keji ƙari ce a kan ciyawa. Dusa da hatsi a rage su, ganye mai tsafta a ƙara, ruwa a kwano mai faɗi, a kuma sake shi ya yi tsalle-tsalle a tsakar gida, domin motsi yana motsa hanji. Ruwan abarba da gwanda da ake cewa suna narkar da gashi a ciki ba sa narkar da shi, zaƙinsu ma yana iya rikita hanjin. Kowace safiya a duba ƙarƙashin keji. Kashin lafiya ƙwayoyi ne zagayayyu masu girma ɗaya, busassu, in an murƙushe su ɓarɓashin ciyawa ne. Idan aka ga ƙwayoyi sun jeru a zaren gashi kamar carbi, hanji yana aiki amma kaya sun yi masa yawa, a ƙara taje zuwa sau 2 a rana, a ƙara ciyawa da ruwa. Idan ƙwayoyin suka ƙanƙance suka ragu, zomon ya takure a lungu yana cizon haƙora, ya ƙi ganyen da ya saba rububi, ba a jiran gobe. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba yana cikin haɗari. Kada a matsa masa ciki, kada a ɗura masa mai, kada a tura masa abinci da ƙarfi idan cikin ya kumbura ya yi tauri. A sa shi a kwali mai huji da tawul a ƙasa, a ƙunshe 'yan ƙwayoyin kashin da ya yi na ƙarshe a takarda, a tafi da su wurin likita tare da shi.